Daga Kwangila zuwa fagen daga: yadda na samu izinin bin sojoji ɗaukar rahoto

Tun da na dawo daga Borno abokan aiki uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu a nan Zariya, ɗaya ta waya daga Funtuwa: ta ina ake farawa idan ɗan jarida yana son ya bi sojoji zuwa bakin daga? Lokacin da na tashi nawa ban samu wanda zai zaunar da ni ya yi mini bayani ba, sai da na shafe kusan wata biyu ina safa da marwa, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance a gare ni, ko wani ya huta da ɓarnar kuɗin mota.

Kuskurena na farko na ɗan gari ne. A Tudun Wada aka haife ni, tun ina yaro nake ganin kurata da aski ƙwal-kwabo suna gudun asuba a cikin sanyin hunturu. Makarantar horar da kuratan soja da muke kira Daffo tana Zariya tun 1924, ga makarantar sakandaren soja da aka kafa a 1954, ga barikin Basawa. Sai na ɗauka bariki bariki ne, duk inda ka ga kaki za ka iya neman izini. Na saka katin aikina a aljihu na nufi bakin ƙofa da safe. Sojan da ke gadi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, mu nan kurtu muke horarwa, ba mu muke tura mutane Maiduguri ba. Ka koma wurin aikinku su rubuto takarda." Bai ɗaga mini murya ba, amma na koma gida ina jin kunyar kaina.

Takardar ita ce ginshiƙin komai. Dole ta fito daga gidan jaridar da kake wa aiki, a kan takarda mai tambarin gidan, da sa hannun shugaba, ba na abokinka da ke kujerar kusa da kai ba. Ta farko da muka rubuta layi huɗu ce: wane ma'aikacinmu ne, yana son yin rahoto kan yaƙi da Boko Haram, a taimaka masa. Na hau mota daga Kwangila zuwa Kaduna, inda hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, na nemi sashen hulɗa da jama'a. Wani kyaftin ya karanta ta a tsaye, ya miƙo mini abata. Ya ce aikin Arewa maso Gabas yana da tasa rundunar daban, ba a ƙarƙashinsu yake ba, don haka takardar Abuja za ta nufa, a yi wa can Maiduguri kwafi. Sannan ya nuna mini abin da babu a cikinta: cikakken sunana kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, kwana nawa nake so, wane irin labari nake nema, da jerin kayan aikin da zan shiga da su, har da lambar da ke jikin kyamara. Ya ce "rahoto kan yaƙi" ba dalili ba ne, kowa ma haka yake rubutowa. Da na dawo muka sake ta, muka ce ina son in ga yadda ƙananan sojoji ke rayuwa a sansani da yadda ake raka matafiya a hanya. Sunan rundunar ma sai da muka gyara, domin edita ya rubuta Lafiya Dole, alhali tun 2021 marigayi Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya mayar da ita Haɗin Kai, 'yan makonni kafin hatsarin jirgin da ya yi ajalinsa a Kaduna.

Abin da zan roƙi kowa kada ya manta shi ne kwafi na biyu. Idan ka kai takarda, ka tsaya a buga wa naka kwafin hatimin an karɓa, da kwanan wata. Ni ta hannun wakilinmu na Abuja na aika, ya miƙa ya juya abinsa ba tare da hatimi ba. Da mako biyu suka wuce shiru, na ce ya je ya bi sawu, sai aka tambaye shi ranar da ya kawo da lambar shigarwa, ya rasa ta cewa. Haka muka sake buga wata, ƙidayar kwanaki ta koma farko. Daga nan na yi zaman jira na mako uku da 'yan kwanaki. Duk baƙuwar lambar da ta kira ni sai gabana ya faɗi, in ɗauka in ji mai tallan data ne. A ofis har an fara yi mini ba'a, ana kirana Janar.

Ranar da kiran ya zo ina cikin kasuwar Sabon Gari. Aka ce an amince, amma in haɗo katin ƙungiyar 'yan jarida, katin ɗan ƙasa, hotunan fasfo, takardar likita mai nuna lafiyata da rukunin jinina, da sunan magaji. A nan na gano katin ƙungiyata ya ƙare aiki tun bara ban lura ba, sabunta shi ya ci mini kwana biyar da wata tafiyar Kaduna. Gwajin jini da awon hawan jini na yi su a wani asibiti a unguwarmu, na je bayan sallar asuba na fito ana kiran azahar. Da na zauna na yi lissafi, tsakanin kuɗin mota sau uku zuwa Kaduna, hotuna, gwaji, sabunta kati da buge-bugen takardu, na kashe sama da naira 60,000 tun ban bar Zariya ba. Ofis daga baya suka biya ni wani ɓangare, wanda na riƙe rasidinsa kawai.

Takardar da ta fi yi mini nauyi shafi ɗaya ce. A cikinta za ka sa hannu cewa da son ranka za ka tafi, idan ka ji rauni ko ka rasa ranka ba ka da wanda za ka tuhuma. A ƙasa akwai gurbin magaji da lambar wayarsa. Na rubuta sunan yayana, domin ban so a fara kiran maiɗakina ko mahaifiyata. Da na je cikin birni sallamar Inna, na ce mata aiki zan je Maiduguri, na haɗiye sauran. Ta dube ni ta ce, "Aikin da ake tambayar jinin mutum kafin ya tafi?" Ashe Yaya ya riga ya faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta sa aka ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dabino a leda, ta ce, "Allah Ya kai ka Ya dawo da kai. Ban da rawar kai." Ba ta yi kuka a gabana ba. Na san dalilin tsoronta, don mu ma a cikin sana'ar ba mu manta da Zakariyya Isa na gidan talabijin na ƙasa da aka harbe a Maiduguri a 2011 ba, ko Enenche Akogwu da aka kashe a Kano ranar harin 20 ga Janairun 2012 yana bakin aikinsa.

Tafiyar ta mota na yi: Kwangila zuwa Kano, daga nan Wudil, Azare, Potiskum, na kwana a Damaturu. Kada wanda ya ce zai haɗe ta a yini ɗaya daga Zariya. Tsakanin Damaturu da Maiduguri shingayen bincike sun yi yawa, kuma idan yamma ta yi direbobi ba sa shiga. Da muka zo Auno motar ta yi tsit, kowa ya tuna matafiyan da dare ya riske su a wurin a Fabrairun 2020, aka far musu suna barci a cikin motoci. Takardar izinina ta yi amfani a shinge biyu da aka ga kyamara a jakata, saboda haka a ajiye ta a aljihun gaba, kada a cusa ta ƙasan kaya.

A Maiduguri na kai kaina barikin Maimalari, wanda aka sa wa sunan Birgediya Zakariya Maimalari da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Aka duba takarduna, aka gwada lambar kyamara da wadda ke rubuce, sannan wani manjo ya zaunar da mu mu uku ya karanta mana dokoki. Ba a ɗaukar fuskar soja sai da yardarsa. Ba a faɗin sunan sansani, ko yawan mutane da motoci. A kashe abin nuna wuri na waya. Idan wani ya rasu, ba a bayyana shi sai an sanar da iyalinsa. Da ya gama ya kalli rigar sanyin da na sayo a gwanjo, mai ruwan ganye, wadda nake ta alfahari da ita, ya ce in cire ta. Farar hula ba ya sa abin da ya yi kama da kaki, kuma a daji wanda ya hango ka daga nesa ba zai tambayi katinka ba. Rigar sulke da hular kwano ma ban zo da su ba, na ɗauka rabawa ake yi. Wani abokin aiki ɗan Maiduguri ne ya ara mini nasa, shuɗiya mai rubutun 'yan jarida a ƙirji. Sai kuma wani jiran. Ba wanda zai gaya maka ranar tashi ko lokaci, kuma tambayar ma ba a son ta. Kwana biyu ina zaune da jaka a ɗaure, kuɗin masauki na tafiya, a dare na uku aka bugo aka ce in kasance a bakin ƙofa kafin asuba.

Wani saje aka damƙa ni a hannunsa, baƙi, gajere, mai furfura a gefen kai. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya juya ya ce wa yaransa, "An ƙara mana kaya." Ba da wasa ya faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce: kujerar da na zauna ta mai bindiga ce, ruwan da zan sha daga nasu ne, kuma dole a ware mutum guda da idonsa zai riƙa kasancewa a kaina maimakon a daji. Muna cikin tafiya ya tambaye ni daga ina, na ce Zariya. Sai motar ta kaure da dariya. Wani kofur ɗan Binuwai ya dafa kansa ya ce, "Garin da aka aske mu!" Kusan kowa a motar ta Daffo ya bi. Suka shiga tambayata ko har yanzu sanyin Zariya yana fasa leɓe, ko ana nan ana cunkoso a PZ. Daga ranar sunana ya koma Ɗan Zazzau. A nan na fahimci abin da suke nufi da kosmet, wato wanda kuka shiga horo rukuni ɗaya. Soja zai haɗu da wanda bai taɓa gani ba, ya tambaye shi rukuni na nawa ne shi, idan lamba ta zo ɗaya shi ke nan an zama 'yan'uwa, ko da ɗaya Bayarabe ne ɗaya Babarbare. Hausar bariki suke yi da juna, gauraye da Turancin buroka, Hausar da ba ta damu da namiji ko mace ba, amma kowa yana gane kowa.

Tafiyar da a taswira ba ta kai awa biyu ba ta ci mana yini. A wasu wuraren ayarin tsayawa yake cak, mutum uku ko huɗu su sauka su wuce gaba a ƙafa da na'urar gano nakiya, motoci na bin su a hankali kamar masu rakiyar gawa. Na tambayi Saje yadda ake zaɓar masu saukan. Ya ce juyi ne, amma yau kofur ɗin nan ya karɓi na wani, saboda matar wancan ta haihu shekaranjiya kuma bai ga jaririn ba tukuna. Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin aron gishiri. Kafin la'asar na shanye ruwana duka, don ban iya tattali ba. Kofur ɗin da ya dawo daga gaba, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya ga gorata wayam, ya miƙo tasa ya ce, "Sha rabi, Ɗan Zazzau." Na sha, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Kwana huɗu na yi a sansanin. Rami ne zagaye da tudun ƙasa, da buhunan yashi, da 'yan rumfunan kwano. Tukunya ɗaya ake yi, kuma na lura ba a rufe ta sai an ɗebi na waɗanda ke bakin gadi an ajiye. Idan lokacin salla ya yi, Kiristocin cikinsu suke hawa wuraren tsaro har a sallame, ranar Lahadi da safe kuma Musulmi suka karɓe su. Wuri ɗaya ne ake samun sabis, kan wani tudu kusa da tankar yaƙi, wanda duk ya samu layi sai ya gama da gidansa ya miƙa wa na bayansa wayar. Ƙuli-ƙulin Inna ya yi mini rana, da garin kwaki muka jiƙa shi mu shida a kwano ɗaya. Da dare hira takan kai su ga Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna a ƙwato Baga a 2015, aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Ko waɗanda ba su taɓa aiki da shi ba suna maganarsa, kuma abin da suke yawan ambata shi ne yana gaba ne idan an fita.

A dare na uku aka buɗe wuta daga gabas. Duk abin da manjo ya koya mana ya gudu daga kaina, na miƙe tsaye ina lalubar kyamara. Ban san lokacin da Saje ya iso ba, sai ji na na yi a ƙasa, bakina cike da yashi, gwiwarsa a gadon bayana. Ya danne ni haka yana ba da umarni ta saman kaina har abin ya lafa. Ba zan iya cewa minti nawa aka yi ba. Da ƙura ta kwanta aka ga harsashi ya sami wani las-kofur a cinya, a ramin da ya fi kowanne nisa. Mutum biyu sun riga sun rarrafa sun jawo shi tun ana harbin, ɗayansu kosmet ɗinsa ne. Mai ba da magani ya ɗaure ƙafar, ya haska ƙirjin rigarsa ya karanta rukunin jininsa, sai a lokacin na gane dalilin takardar da na yi wa dogon layi a Tudun Wada. Da gari ya waye na je in yi wa Saje godiya, ya katse ni ya ce, "Idan ka mutu a hannuna, takardun da zan rubuta sun fi ƙarfina." Yaransa suka yi dariya, ya miƙo mini kofin shayi.

Kafin in bar Maiduguri an duba hotunana, aka ce in goge guda bakwai da suka nuna yadda aka jera manyan bindigogi. Ban yi gardama ba, don na ga dalilin. Rubutuna ba a nemi gani ba. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai niyyar tafiya ya sani tun daga gida: wanda ya danne ka a ƙasa ya kare ka da jikinsa, alƙalaminka zai yi nauyi a kansa. Na ji koke-koke a sansanin, na daɗewa ba a canza mutum ba, na kewar iyali, kuma na rubuta su ba tare da suna ba. Amma na san daga cikin motar soja gefe ɗaya kawai nake gani. Mutanen ƙauyen da muka ratsa, duk wanda na miƙa wa rikoda sai ya kalli mai bindigar da ke bayana ya ce lafiya lau. Shi ya sa na ƙara kwana biyu a gari da kuɗina, na cire sulke, na zauna da direbobi da 'yan gudun hijira da wasu 'yan Kato da Gora, na ji abubuwan da ba za a faɗa mini a gaban kaki ba. Wanda zai tafi ya sa waɗannan kwanakin a lissafinsa tun farko, in ba haka ba rabin labari zai kawo.

Sauran shawarwarin ƙanana ne. A fara neman izini aƙalla wata biyu kafin lokacin da ake so. A nemi sulke da hula tun daga gida, a gwada tafiya da su, don nauyinsu ba wasa ba ne. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, da batura, da takalmin da aka saba da shi. A koyi ɗaure rauni ko wajen ma'aikacin jinya na unguwa ne. Idan aka ce kwanta, a kwanta, hoton ya wuce.

Ranar da zan baro sansanin Saje ya ja ni gefe ya ba ni wata ambulan da aka naɗe da salatif. Karo-karo ne suka yi wa iyalin wani abokinsu da nakiya ta tashi da shi wata biyu kafin zuwana, matarsa ta koma gidan iyayenta a wajen Samaru da yara uku. A bayan ambulan an jera sunaye da abin da kowa ya bayar, wani dubu biyu, wani dubu biyar, har da sunan las-kofur ɗin da aka harba. Washegarin dawowata na nemi gidan. Mahaifinta ya shigar da ni zaure, ta fito da hijabi ta durƙusa daga bakin ƙofa, muka gaisa na yi mata ta'aziyya. Ba ta ƙirga kuɗin ba. Ta juya ambulan ɗin tana bin sunayen da yatsa, ta tsaya a kan na kofur ɗan Binuwai ta ce, "Wannan shi ya kawo mana kayansa." Babban yaron, wanda bai wuce shekara bakwai ba, yana maƙale da ƙofa yana kallon jakata. Da na tashi tafiya ya biyo ni har waje ya ce, "Baba, kai ma soja ne?" Na ce masa a'a, ni rakiya kawai na yi.